Kwamfutar da ke Mutuwa in Baba ya Shigo Ofis

A shekarun da na yi ina aikin kula da lafiyar dabbobi, saniya ta taɓa take mini ƙafa har farce ya cire, bijimi ya taɓa kora ta har na haye katanga, amma duk waɗannan in na tuna dariya nake yi in wuce. Abin da ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina shi ne makonni ukun da na yi ina fama da wata kwamfuta a ofishinmu na Bungudu. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ji wuyana ya ɗau zafi, don haushin na'urar da kuma kunyar abin da haushin ya sa na aikata.

Lokacin ban daɗe da kama aiki ba. Umarni ya zo daga babban ofishinmu na Gusau cewa za a yi wa shanu allurar rigakafi kafin damina ta sauka, kuma a wannan karon ba za a raba magani da ƙiyasi ba. Sai an yi wa kowane makiyayi rajista a kwamfuta, a sa sunansa da rugarsa da yawan garkensa. Wanda bai shiga ba kafin ranar rufewa, ba za a aiko da maganin shanunsa ba. Aka kira mu horo na kwana biyu, aka sa manhajar rajistar a cikin wata baƙar laftof, aka damƙa mini ita saboda an ga hannuna ya saba da madannai. Aka ce in riƙa yin Bungudu, kwana biyu a mako kuma in je Tsafe in taimaka musu don tasu ta lalace. Aikin ba ya buƙatar intanet. Duk ranar Alhamis zan kai ta Gusau, a jona mata waya a kwashe abin da na shigar.

Kafin zuwan kwamfutar, rajistar makiyaya aikin wani dattijo ne a ofishinmu, wanda kowa ke kira Baba. Ya kusa ritaya a lokacin. Ɗan asalin gari ne, gidansu tun kakanni ma'aikatan hukuma ne, kuma yana da wani ƙaton littafi da yake rubutu a ciki da hannu mai kyau kamar an buga da inji. Babu Arɗon da bai sani ba a yankin, har da sunan ubansa. Ranar da na dawo daga horo na buɗe laftof ɗin a kan tebur, ya leƙo ta saman tabarau ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya rufe littafinsa ya sa a durowa. Ni kuwa sai nake jin kaina kamar wani babban injiniya.

Makon farko komai ya tafi daidai. A mako na biyu, wata ranar Litinin da hantsi, ina cikin shigar da mutanen wata ruga, na yi kusan mutum ashirin, sai kawai allon ya koma shuɗi. Wasu rubuce-rubucen Turanci suka bayyana, kafin in karanta layi biyu ta mutu, ta sake tashi da kanta kamar ba ita ba. Na buɗe manhajar, wayam. Ita wannan manhaja ba ta ajiye komai sai ka kammala ruga guda ka danna maɓallin ajiyewa. Mutum ashirin ɗin nan duk sun tafi, rabinsu ma sun riga sun hau babura sun koma daji.

Na ce tsautsayi ne. Na sake farawa da waɗanda suka rage. Ban yi rabin awa ba ta sake yi. Ranar sau uku ta mutu. Washegari ba ta yi ko sau ɗaya ba, har na saki jiki. Ranar Laraba ta yi sau biyar.

Wanda bai taɓa fama da abin da ke lalacewa yau ya gyaru gobe ba, ba zai gane irin wannan takaici ba. Da ma mutuwa ta yi gaba ɗaya, da na ɗauke ta na mayar na ce ga kayanku. Amma sai ta bar ka ka yi nisa, ka fara yarda da ita, sannan ta yi maka. Na koma in ina buga suna ina kallon allon da gefen ido. Ko wani ya yi atishawa a ɗakin sai in zabura.

Shawarwari kuwa na sha su. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, don haka aka ce zafi ne. Na samo bulo biyu na ɗora ta a kai don iska ta ratsa ta ƙasa, na juya fankar ofis ta koma kanta, ni ina zufa ita tana shan iska. Ta mutu. Aka ce wutar janareta ce ba ta da kyau, na koma aiki da batir kawai. Ta mutu. Direban motar ofis ya ce shi wayarsa ta taɓa yin haka, sai da ya cire batir ya hura. Wani ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, daga fulash, ni kuwa ban taɓa soka mata fulash ba. Ban bar ko ɗaya ban gwada ba, har da goge madannai da auduga.

Ranar Alhamis da na shiga Gusau na nemi injiniyar babban ofis, aka ce tana hutun haihuwa. Sai na wuce wurin wani mai gyara da aka yaba mini. Na yi masa bayani, ya kunna ta, ya ajiye a gabansa. Muka zauna muna kallonta. Awa ɗaya, awa biyu. Ya buɗe wannan ya rufe wancan, ya kunna bidiyo, ya buɗe abubuwa goma a lokaci guda. Ko gezau. Muka je muka yi azahar muka dawo, tana nan tana aiki kamar sabuwa.

"Malam," in ji shi, "wannan lafiyarta lau. Ko dai hannunka ne ke taɓa wani wuri?"

Na haɗiye abin da ya zo bakina. Ya kwance ta ya share cikinta, ya sa mata maganin bairos, na ɗauko na dawo. Ranar Juma'a da safe a Bungudu, minti goma sha biyar da kunnawa, shuɗin allo. Na koma wurin mai gyaran ranar Asabar, ya canja wani abu da ya kira ram, ya ce in wannan bai yi ba sai dai a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake zubawa. Na ce a'a, don in manhajar rajistar ta goge ba ni da inda zan samo ta, masu horon sun koma inda suka fito. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to shi iyakar saninsa ke nan.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne Tsafe. A can, a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da zafinsa ya fi na Bungudu, ga ƙarar motocin hanyar Funtua, na yi kwana biyu cur ina shigar da makiyayan wajen Bilbis, daga safe har la'asar, ba ta ko yi tari ba. Na dawo ina murna, na ce ashe ram ɗin ne. Na zauna a teburina na Bungudu, na shigar da mutum tara, ta mutu.

Sakatariyar ofishinmu ce ta fara faɗin maganar, kuma na shaida da wasa ta faɗa. Tana jera takardu ta ce, "Ni fa na lura, kwamfutar nan ba ta shiri da Baba. In bai zo ba lafiya lau take wuni." Aka yi dariya, har da shi Baban. Ni ma na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai.

Na fara lura. Aka yi rasuwa a danginsu Baba, ya yi kwana biyu bai zo ba, kwamfuta ta yi kwana biyu lafiya. Ranar da ya dawo, ya shigo ya yi sallama, muka yi masa gaisuwa, ya zauna a kujerarsa, ba a yi minti goma ba allo ya yi shuɗi. Na ɗaga kai na dube shi, yana ta jan carbinsa. Daga ranar na daina ganin komai sai shi. Na tuna yadda ya rufe littafinsa ranar farko. Na tuna cewa aikinsa ne aka ƙwace aka ba ni. Na fara tunanin ko in na fita alwala yana taɓa wani abu, na koma har bayi da jakar laftof nake zuwa. Da hakan bai hana ba, sai zuciyata ta fara raya mini abin da ya fi wannan muni, irin abin da ni da kaina nake yi wa mutanen ƙauye dariya in sun faɗa a kan saniyar da ta ƙi ba da nono.

Akwai ranar da Baba ya wuni a ofis tun safe har aka tashi, kwamfutar ba ta mutu ba. Da ina da hankali, da wannan ranar ta isa ta rushe zargina. Amma sai na ce a raina, ai ya ga na fara ganewa ne shi ya sa ya ɗaga ƙafa. Yanzu da na girma na gane cewa in mutum ya riga ya yanke hukunci, duk abin da ya gani sai ya mayar da shi hujja.

Abin ya kai maƙura ranar da wani Arɗo daga bayan Nahuce ya kawo mutanensa karo na biyu. Karon farko kwamfutar ta cinye sunayensu, na ba su haƙuri na ce su dawo. Suka dawo, su fi talatin, wasu a babur wasu a ƙafa, sun bar shanu a hannun mata da tsofaffi. Suka cika barandar ofis. Na ce bismillah na fara. Ina kiran mutum ya shigo ya faɗi sunansa da garkensa ya fita. Na kai mutum na ashirin da bakwai, saura kaɗan in danna ajiyewa, sai ta yi abin nata.

Ban san lokacin da na daki tebur ba. Arɗo ya leƙo, ya ga fuskata, ya gane. Dogon mutum ne mai sanyin magana. Ya jingina da sandarsa ya ce, "Likita, wagga na'ura taku ba ta son Fulani ne?"

Na ce, "Wallahi Arɗo ba haka ba ne, matsala ce take ba ni."

Ya ce, "Sau biyu ke nan munka baro bisashe munka taho. Hanyar nan kai ma ka san ba kullum aka bin ta ba. In kun ga dama ku ba mu magani, in ba ku gani ba Allah na nan. Amma ba ni sake tara mutane karo na ukku."

Ya juya, mutanensa suka bi shi. Saura kwana shida a rufe rajista. Na san abin da ciwon huhu ke yi wa garke in ya shiga da damina, na taɓa gani da idona. Na zauna ina kallon allon da ya dawo fes kamar bai yi komai ba, can gefe kuma Baba na zaune da littafi a cinyarsa. Zaman nan nasa ya ƙara tunzura ni.

Na tashi na shiga ofishin shugabanmu. Ban fito fili na ce Baba na yi mini wani abu ba, amma na jera maganganu yadda duk mai ji zai fahimci haka. Na ce in ba ya nan ba ta mutuwa, a Gusau ba ta mutuwa, a Tsafe ba ta mutuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ce komai ba, amma a duba." Wannan kalma ta "ban ce komai ba" ita ta fi komai ba ni kunya yau, don na faɗi komai.

Shugaba shi ma babban ofis na Gusau yana matsa masa. Ya kira Baba, ina tsaye, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ɗakin rajista ya yi cunkoso, yana so Baba ya riƙa zama a baranda yana tsara layi har a gama. Baba ya dubi shugaba, ya dube ni. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To, ranka shi daɗe. Yadda kunka ce." Ya shiga ya ɗauki kujerarsa da kansa, mutumin da ya girmi mahaifina, ya fitar da ita baranda ya ajiye a gindin taga.

Washegari na kunna kwamfuta da ƙarfin gwiwa. Baba na waje, ni ina ciki, ƙofa a rufe. Na shigar da mutum goma sha ɗaya. Shuɗin allo.

Na rantse da na ga rijiya a lokacin da na jefa ta. Sakatariya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, har ta taga?" Na rufe laftof ɗin, na cusa a jaka, na fita ban yi wa kowa sallama ba. Na tari mota zuwa Gusau da niyyar in ajiye musu kayansu in ce a nemi wani, ni na gaji.

Allah da ikonsa, ranar injiniyar ta leƙo ofis, hutunta bai ma ƙare ba, ta zo sa hannu a wata takarda da jaririyarta a goye. Hajiya ake ce mata. Na tare ta a bakin ƙofa na fara zuba, ban ko gaishe ta da kyau ba. Ta bar ni na gama, har da labarin Baba, don a lokacin ba na jin kunyar faɗa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawo ta mu gani. Ita kwamfuta duk lokacin da ta faɗi tana rubuta dalili, sai dai in ba a tambaye ta ba."

Ta zauna a gefen kujera saboda goyon, ta buɗe wani wuri da ban taɓa sanin akwai shi ba. Sai ga jeri, kowace mutuwa da ranarta da lokacinta, har da minti. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta ce, "Ka gani? Duk suna ɗaya ne ke fitowa. Direban wayfai ne."

Na ce, "Direba kuma?"

Ta ce, "Kowane sashe na kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke tuƙa shi, shi ya sa ake ce mata direba. Akwai na allo, akwai na sauti, akwai na kama intanet ba tare da waya ba. Naka na kama intanet ɗin ne ke da matsala. Da ya haɗu da wayfai ya fara aiki sai ya rikice, ya kayar da kwamfutar gaba ɗaya."

Na ce, "Hajiya, ai ni ba na hawa intanet da ita. Ofishinmu ma babu wayfai."

Ta ce, "Kai ba ka hawa, ita tana hawa." Ta buɗe wani wurin, ta juyo mini da allon. "Ga wayfai ɗaya da ta sani, kuma an bar ta ta riƙa kama shi da kanta duk lokacin da ta ji shi kusa. Na wane ne wannan?"

Na dubi sunan, haruffa ne da lambobi. Na daɗe ina kallo. Sai abin ya dawo mini, na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. A ƙarshen makon farko, Baba ya zo da wata 'yar na'urar wayfai, ƙarama kamar sabulu, wadda 'yarsa da ke aure a nesa ta aiko masa don ya riƙa ganin jikokinsa a waya. Bai iya saita ta ba, ya kawo mini. Ni na saita masa, kuma don in tabbatar tana aiki, ni da hannuna na haɗa ta da laftof ɗin na sa lambar sirri. Har addu'a ya yi mini ranar. Daga nan yake sa ta a aljihun rigarsa, wata rana a kunne, wata rana ya manta ta a gida tana caji. Ni kuwa na manta da zancen sarai.

Hajiya ta duba ta ce a ranar nan da na haɗa, kwamfutar ta sabunta direban da kanta, ta sauko da sabo ta ajiye tsohon, kuma sabon ne bai dace da ita ba. Shi ya sa makon farko lafiya. Shi ya sa a Tsafe da wurin mai gyara lafiya, don babu wayfai ɗin da ta sani a can. Ta taga kuwa, ai bango ba ya tare shi.

Na ce ta gyara kawai in tafi. Ta ce a'a. "Zato muke yi har yanzu. Sai mun sa ta ta faɗi da gangan, sannan mu gyara, mu sake gwadawa mu ga ta ƙi faɗuwa. In ba haka ba gobe za ka dawo mini da wani labarin." Sannan ta dube ni ta ce, "Kuma a gaban dattijon nan za a yi."

Washegari da safe motar ofis ta kawo ta Bungudu. Muka tarar da Baba a baranda a kujerarsa. Hajiya ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na'urar nan taka ta intanet tana tare da kai?" Ya laluba aljihu ya fito da ita, a kashe. Ta ce ya shigo ciki. Ya ce, "An hana ni shiga." Shugaba da ke tsaye ya sunkuyar da kai ya ce, "Shigo, Baba."

Ta kunna laftof, muka jira minti ashirin, lafiya. Ta ce Baba ya kunna na'urarsa. Ya danna. Duk muka zuba wa allo ido, har da direban mota da ya leƙo ta ƙofa. Minti huɗu, biyar, shida, sai shuɗi. A duk makonnin nan wannan ne karo na farko da na ga shuɗin allon nan na ji daɗi. Ta tashe ta, ta cire sabon direban ta mayar da tsohon, ta hana shi sabunta kansa. Aikin bai kai minti goma ba. Minti goma, bayan na yi mako uku ina jigila tsakanin garuruwa uku da bulo da fanka! Aka sake kunna na'urar Baba, aka ajiye ta a kan laftof ɗin ma, muka zauna fiye da awa ɗaya. Ba ta mutu ba, kuma ba ta sake mutuwa ba har aka karɓe ta daga hannuna.

Baba ya juya 'yar na'urar a tafinsa ya ce, "Ashe wagga 'yar aba ce." Ya mayar aljihu.

Da Hajiya ta tafi, na same shi a baranda yana shirin mayar da kujerarsa ciki. Na karɓi kujerar, na durƙusa, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na kai ƙararka wurin shugaba. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba."

Ya ce, "Na sani. Tun randa kab bar gaishe ni da fara'a na sani." Ya ci gaba da cewa, "Ba fitar da ni baranda ta yi mani zafi ba, ɗana, baranda ta fi iska. Abin da ya yi mani zafi, muna ɗaki guda, tsakanina da kai taku ukku, ba ka taɓa juyowa ka ce, Baba, mi kaka gani game da wanga abu ba. Da ka tambaya, ƙila da mun tuna tare."

Ya ce in tashi, ya yafe. Sannan ya buɗe littafin nan nasa ya miƙo mini. Ashe tun da ya ga kwamfutar ta fara cinye sunaye, duk wanda na kira ya faɗi sunansa da garkensa, shi ma yana rubutawa a nasa, a ɗaki da kuma ta taga bayan an fitar da shi. Mutanen Arɗon Nahuce duk suna ciki, har da waɗanda ban kai ga kira ba, don ya bi su baranda ya tambaye su kafin su tafi. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "Da na miƙo maka a lokacin, cewa za ka yi so nike in nuna na'urarka ba ta da amfani." Gaskiya ya faɗa, haka zan ce.

Kwana uku muka yi, yana karantowa ina bugawa. Ruga ɗaya ce babu a littafin, ta ranar Litinin ɗin farko, kafin ya fara rubutawa. Wannan sai da na hau babur na bi su har inda suke, na sha rana na sha faɗa, kuma na cancanci duka biyun. Muka kai Gusau ana saura kwana ɗaya a rufe. Magani ya zo, aka yi wa shanun Arɗo allura tare da na kowa.

Baba ya yi ritaya a shekarar da ta biyo, ya rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙansa. Har ya bar ofis bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Ni ne dai ban daina tayar wa kaina da ita ba.

Abin da na koya shi ne, in abu ya lalace kuma na rasa dalili, haushi yakan sa in nemi mutumin da zan ɗora wa, don zargin mutum ya fi bincike sauƙi. Abin da na lura da shi gaskiya ne, kwamfutar tana mutuwa in Baba na kusa, amma fassarar da na yi masa ƙarya ce, kuma da hannuna na ƙulla matsalar. Tun daga lokacin, ko na'ura ce ta rikice ko garke ne ya kama ciwo, sai na zauna na rubuta yaushe abin ya fara, me ya canja kafin ya fara, kuma me ni kaina na taɓa. In kuwa bincike ya nuna wani mutum, wurinsa nake fara zuwa in tambaye shi ido da ido, kafin in kai sunansa gaban kowa.